Tambaya da Amsa: Wace Rular Ƙarfe Ce Za Ta Daɗe a Hannun Kafinta?

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowa, dukansu daga cikin birnin Yamai, kuma dukansu a kan kayan awo suke. Ta farko ce ta fi ɗaukar wuri, domin amsarta tana ɗauke da rabin amsar sauran.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashin kafinta ne a unguwar Bukoki, bara maigidana ya yaye ni na buɗe tawa rumfa. Rular ƙarfe ta farko da na saya, lambobinta sun goge tun damina ba ta wuce ba, ta biyu kuma ta lanƙwashe a cikin akwatin kayan aiki. Abin da ya fi damuna shi ne, na auna ƙafafun tebur da rula, yarona ya sake aunawa da tef, sai ga bambancin kusan milimita 2 a tsakani. Wani abokin sana'a ya ce mini zafin rana ne yake sa ƙarfe ya miƙe. Wace irin rula zan saya wadda za ta daɗe, kuma yaya zan gane ta ƙwarai tun ina tsaye a gaban mai sayarwa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sa albarka a rumfa, Ya kawo masu ciniki na gari.

Bari mu fara sallamar maganar zafi, domin akwai gaskiya a cikinta, amma ba ita ce ta ɓata maka ƙafafun tebur ba. Masu ƙera kayan awo a duniya sun yarda su daidaita su a kan zafin digiri 20, wato a wannan yanayi ne mita ɗaya ta rula take zama mita ɗaya cif. Baƙin ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi, amma ƙarin ɗan kaɗan ne: rula mai mita ɗaya, idan ta tashi daga digiri 20 zuwa 45, kamar yadda yakan faru a rumfar kwano cikin watan Afrilu ko Mayu, abin da za ta ƙara bai kai kashi ɗaya cikin uku na milimita ba. Ta alminiyam takan ƙara ninki biyu na wannan, wajen rabin milimita da ɗan ɗoriya. A tsawon ƙafar tebur, wanda bai cika kaiwa santimita 80 ba, ka ga ba inda za a samo milimita 2 daga zafin rana. Katakon da kake aunawa ma ya fi rular motsi nesa ba kusa ba, domin falankin da ya zo da danshi daga ƙasashen bakin teku, idan ya sha iskar hunturu, faɗinsa na santimita 30 yana iya raguwa da milimita 2 ko fiye, ko da yake a tsawo kusan ba ya raguwa. Shi ya sa ƙyauren da aka haɗa da damina yakan buɗe tsaga a haɗinsa da rani, a ɗora wa kafinta laifin awo alhali laifinsa shi ne bai bari katako ya bushe ba.

Inda nake zargi shi ne bakin rular taka da ƙugiyar tef ɗin yaronka. Rular aiki tana fara ƙidaya ne daga ainihin bakinta, babu wani layi na sifili da aka zana, bakin ƙarfen shi ne sifilin. Duk ranar da ta faɗi a kan siminti da wannan baki, ko aka buɗe gwangwanin fenti da ita, ko aka kankare busasshen gam, to an ci wani abu daga milimitar farko, kuma duk awon da za a yi daga nan har ranar da za a yar da ita zai zo da wannan kuskure. Akwai ma waɗanda tun daga masana'anta aka yanke bakinsu ba a kan daidai ba. Shi kuwa tef, ƙugiyar da ke bakinsa an yi ta ne ta riƙa ɗan motsi gaba da baya daidai da kaurinta, wajen milimita ɗaya, domin awo ya zo daidai ko an maƙala ta a bayan katako an ja, ko an tokara ta a jikin bango an tura. Yara masu koyo da yawa sukan ga wannan motsi su ɗauka lalacewa ce, su sa guduma su danne ƙusoshin, daga ranar nan ɗaya daga cikin awon biyu ya karkace ke nan. Haka kuma idan ana sakin tef yana komawa gidansa da ƙarfi, ramukan ƙugiyar sukan buɗe, motsin ya wuce kima. Milimita ɗaya daga rula, milimita ɗaya daga tef, ga milimita 2 ɗinka sun cika.

Gwajin da zai raba gardama ba ya buƙatar kuɗi. Ka auna abu ɗaya sau biyu da rular: karo na farko daga bakinta, karo na biyu ka ɗora layin santimita 10 a farkon abin, ka karanta, ka cire 10. Idan amsoshin biyu sun saɓa, bakin ya ci. Irin wannan rula ba a yar da ita nan take, ana iya ci gaba da aiki da ita daga layin 10, sai dai a kiyaye, domin mantuwa da cire goman nan ta sa an yanke katako mai tsada ba adadi.

Yanzu ga abin da za ka duba a kasuwa, ko a kasuwar Katako za ka saya, ko a shagunan kayan gini na cikin gari. A ganina abu mafi muhimmanci shi ne yadda aka yi layukan, ya fi nauyin ƙarfen da ƙyallinsa, har ma ya fi sunan da aka rubuta a jiki. Rula mai araha an buga mata layuka da lambobi ne da tawada a saman ƙarfe, shi ya sa gumi da ƙura da gogayya da kayan aiki suke share su cikin ƴan watanni, kamar yadda ya faru da taka ta farko. Ta ƙwarai kuwa an tona layukan ne a cikin jikin ƙarfen, yawanci da sinadari mai cin ƙarfe, sannan aka cika su da baƙi, don haka ko baƙin ya tafi tsagar tana nan. Ka ja farcenka a kan layukan a hankali. Idan ka ji yana ɗan tuntuɓe a kowane layi, an tona su. Idan ya wuce sumul, fenti ne, ka ajiye masa abinsa komai kyanta a ido. Sannan ka dubi kaurin layukan da kansu, domin layin da ya yi kauri har ya cinye rabin milimita ba zai gaya maka inda awo ya tsaya ba. Wasu sukan zo da layukan rabin milimita a gefe ɗaya, abin yana burge mai saye, amma a aikin katako layukan sun yi cunkoso, ido yana gajiya da su, kuma zarto ba ya bin rabin milimita. Ka nemi wadda aƙalla gefe ɗaya nata milimita cikakkiya ce.

Game da ƙarfen, marar tsatsa ya fi dacewa da hannu mai gumi, kuma za ka ga an rubuta INOX a jikin mafi yawan waɗanda ke shigowa ƙasashen da ke aiki da Faransanci. Abin da ke hana shi tsatsa shi ne sinadarin kuromiyam da aka gauraya a ciki, wanda ba ya gaza kashi 10.5 cikin ɗari. Akwai wata al'ada ta gwadawa da maganaɗisu, wai idan ya kama to jabu ne. Wannan gwaji yana yaudara a nan, domin irin ƙarfe marar tsatsa da ake iya taurarawa, wanda ake yin wuƙaƙe da ruloli masu kyau da shi, maganaɗisu yana kama shi sarai. Gwajin da ya fi amfani shi ne na tauri: ka riƙe bakin nan biyu, ka ɗan tanƙwara ta kaɗan, ka saki. Wadda aka taurara za ta koma miƙe take, wadda ba a taurara ba za ta riƙe ɗan doro, kuma ita ce irin wadda ta lanƙwashe maka a akwati. Ka nemi izinin mai kaya kafin ka yi, kada ciniki ya zama rigima. Ga aikin benci, mai kaurin wajen milimita ɗaya ta fi. Siririyar nan mai rabin milimita tana da nata amfani wajen bin abu mai lanƙwasa, amma ba ta jure jifa. Ka kuma fifita mai dusasshen fari a kan mai ƙyalli kamar madubi, domin kafintan Yamai rabin aikinsa a waje yake yi, kuma rana idan ta doki mai ƙyalli ba a ganin layi ko ɗaya.

Miƙewar gefe ma ana gwada ta da fensir da takarda kawai. Ka ja layi a gefen rular daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka kifa ta ta ɗaya ɓangaren layin, gefen nan dai da ka ja da shi ya taɓa farko da ƙarshen layin, ka sake ja. Idan gefen miƙaƙƙe ne, layukan biyu za su hau juna su zama ɗaya, idan kuwa akwai ciki ko doro, za a ga rata a tsakiya, kuma ratar ninki biyu ce ta ainihin karkatar. Don tabbatar da tsawon layukan, ka haɗa ruloli biyu ko uku na kamfanoni daban gefe da gefe, ka ga ko layin 30 na wannan ya faɗa a kan layin 30 na waccan. Akwai kuma ma'auni a aljihun mutane da yawa ba su sani ba: katin banki tsawonsa milimita 85.6 ne, faɗinsa kuma kusan 54, a ko'ina cikin duniya. Rular da ta nuna maka 84 ko 87 a kansa ba abin saye ba ce.

Sunayen da aka sani da kayan awo masu kyau sun haɗa da Stanley da Facom, sai Shinwa da Mitutoyo na Japan, da Starrett na Amurka. Amma suna shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo, kuma ni na fi yarda da rular da ba a san sunanta ba idan ta ci gwaje-gwajen nan, a kan mai babban suna da farce ya wuce ta sumul. Game da tsawo, kada ka ɗora wa rula ɗaya dukan aiki. Mai santimita 30 ita ce ta kullum, ta alamar haɗi da ramuka da daidaita zurfin zarto. Mai mita ɗaya, ko aƙalla santimita 60, ta jan layi a kan faifan filawud ce da duba ko fuskar tebur ta kwanta. Abin da ya wuce nan aikin tef ne. Idan kuɗi ba su isa duka ba, ka fara da mai 30 ta ƙwarai.

Shi ma tef yana da daraja-daraja, kuma waɗanda aka yi bisa ƙa'idar Turai sukan nuna tasu a farkon bakinsu da lambar Rumawa: I, II ko III. Na daraja ta II, wanda shi ne aka fi samu, an yarda ya kauce da rabin milimita a mita ɗaya, da milimita 1.3 a mita 5, sama ko ƙasa. Na daraja ta III an yarda masa ninki biyu na wannan. Ma'ana, tef biyu sababbi masu daraja ta II suna iya saɓawa da milimita 2.6 a mita 5 ba tare da ɗayansu ya karya ƙa'ida ba. Saboda haka ka kafa doka a rumfarka cewa abin da aka fara awon aiki da shi, da shi za a gama. Ƙafafun tebur kuwa ba a auna su ɗaya bayan ɗaya: a yanka ta farko, a ɗora ta a kan sauran a yi alama, ko a ɗaure huɗun a yanke su tare. Tebur bai damu ba ko ƙafarsa santimita 74 ce ko 75, muddin huɗun sun zo ɗaya.

Wajen ajiya, ramin da ke ƙarshen rular an yi shi ne don ratayewa, ka buga ƙusa a jikin bango ka ba ta wurinta, kada ta kwana ƙarƙashin guduma da magagari. Idan tsatsa ta fara, ɗan kananzir ko man keken ɗinki da tsumma sun isa. Kada ka kusance ta da samfefa, domin zai ci layukan tare da tsatsar.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina sayar da katako, kuma wani ɓangare na kayana daga Najeriya yake shigowa ta Birnin Ƙonni. Can da inci da ƙafa ake magana, a nan kuma masu saye da santimita suke zuwa. Shin in sayi rula mai inci a gefe ɗaya da santimita a ɗaya gefen, ko kowanne da tasa? Kuma inci ɗaya ba santimita biyu da rabi ba ne?

AMSA: Barka kadai, Alhaji. Ga mai sayarwa irinka, mai fuska biyu ita ce daidai, domin tana fassara maka awo nan take ba sai ka yi lissafi ba. Ga wanda zai yanka ya haɗa kuwa, gara ya tsaya a kan ma'auni ɗaya daga farkon aiki zuwa ƙarshensa, tun da ido yakan zame daga wannan gefe zuwa wancan idan gajiya ta zo.

Inci ɗaya milimita 25.4 ne cif, haka ƙasashen da ke aiki da shi suka tsayar tun 1959, ƙafa ɗaya kuma inci 12 ce, wato milimita 304.8. Cewa biyu da rabi ba laifi ba ne idan ana maganar kaurin falanki ɗaya, amma ɗan abin da aka yar yana taruwa. Faifan filawud mai ƙafa 8 inci 96 ne. Idan ka lissafa kowane inci a kan santimita biyu da rabi za ka sami santimita 240, alhali ainihin tsawonsa ya kusa 244, ka ga an yi asarar kusan santimita 4 a lissafi. Shi ya sa ake rubuta girman irin wannan faifai 122 da 244. Katako mai ƙafa 12 kuma ya kusa mita 3 da santimita 66. Ka kuma tuna cewa sunan da ake kiran katako da shi, kamar biyu-da-huɗu, ba lallai ne ya zama girmansa na zahiri ba, domin bushewa da gogewa sukan rage shi, don haka ka ɗora rula a kai kafin ka yi wa mai saye alkawari.

Akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Wasu kayan awo masu araha da aka yi don kasuwar cikin gida ta ƙasar Sin, musamman tef na tela, suna ɗauke da incin gargajiya na can, wanda tsawonsa santimita 3 da sulusi ne, ba 2.54 ba. A ido ya yi kama da inci, lambobi 1, 2, 3 ne manya-manya. Ka dubi inda lamba 10 ta gefen inci ta faɗa a gefen santimita: idan a kan 25.4 ne, incin da ka sani ne. Idan ta kai 33 da ɗoriya, na can ne, kuma duk wanda ka auna wa da shi zai dawo da ƙara.

TAMBAYA: Malam, ni uwar gida ce a Yantala, ba sana'ar katako nake yi ba. Sai dai duk lokacin da gilashin taga ya fashe, ko zan sayi labule ko katifa, da igiya ko da taƙi nake aunawa, kuma sau da yawa abin ba ya zuwa daidai. Me ya kamata in ajiye a gida?

AMSA: Hajiya, abu biyu sun ishe ki: tef na ƙarfe mai mita 3 ko 5, da rular ƙarfe mai santimita 30 wadda ta ci gwajin farce da na faɗa wa kafinta a sama. Igiya tana miƙewa idan aka ja ta, tef ɗin tela ma yakan saki da tsufa, shi ya sa awonki ba ya zuwa daidai. Ki guji rular ɗalibai wadda aka bar ɗan fili kafin sifili, domin idan kika tokara ta a lungu filin nan zai ɓata awon ba ki sani ba.

Idan gilashi ne, ki auna faɗin gurbinsa a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, tun da tagar da mai walda ya haɗa ba kasafai take zama daidai a ko'ina ba. Ki ɗauki mafi ƙanƙanta, ki rage wajen milimita 3 domin gilashin ya shiga ba da matsi ba, ki yi haka ga tsawon ma. Ki rubuta a takarda da milimita, faɗi da farko sannan tsawo, ki miƙa wa mai yankan gilashi takardar, kada ki aika yaro da baki. Katifa kuwa cikin gadon ake aunawa, ba bayansa ba, kuma da yake ana sayar da ita da girma sanannu, irin su 140 da 190 ko 160 da 200, awon zai nuna miki wadda kafinta ya nufa lokacin da ya haɗa gadon. Idan za ki auna tsakanin bango biyu, kada ki tanƙwara tef a lungu kina ƙiyasi. Ki jingina gidan tef ɗin da bango, ki karanta, ki ƙara tsawon gidan, wanda yawanci an rubuta shi a jikinsa.

Gargaɗi ɗaya da ba na so ya wuce ki: ƙarfe yana ɗaukar wutar lantarki, kuma wutar gidajenmu mai ƙarfin 220 ce. Idan za ki auna kusa da soket da ya buɗe ko wayar da ta fito fili, ki kashe wutar gidan daga babban makunni tukuna, ko ki yi amfani da rular roba. Gefen tef ma yana yanka yatsa idan aka sake shi ya koma da gudu, don haka ki riƙe shi ki mayar a hankali, kuma ki ajiye shi inda hannun ƙananan yara ba ya kaiwa.